Kuɗi ya shigo, ya koma bayan wata uku: nazarin rikicin biya tsakanin mai zanen tambari da kamfanin da ya ba ta aiki

Lamarin ya shafi wata mai zane da ke aikin kanta ta intanet, tana ƙirƙira wa ƙananan kamfanoni tambari da fasalin kwalin kaya. Wani kamfani a wata ƙasa, na mutum biyu 'yan haɗin gwiwa, ya ba ta aiki. Ta yi, aka karɓa, aka biya ta cif. Kusan wata uku bayan haka sai kuɗin gaba ɗaya ya fice daga asusunta, har da ƙarin abin da aka cira a matsayin kuɗin ƙara. An sakaya sunayen mutanen da na kamfanin da ke karɓar mata kuɗi, domin abin dubawa a nan shi ne yadda rabin kuɗin ya dawo da hujja, rabin kuma ya salwanta a hannun banki, sai daga baya aka ƙwato shi ta wata hanyar da ba ruwanta da banki.

Yadda cinikin ya gudana

Ɗaya daga cikin masu kamfanin ne ya nemo ta, kuma da shi kaɗai ta yi hulɗa tun daga farko har ƙarshe. Za mu kira shi na farko. Abokin nasa, na biyu, sunansa kawai take ji a baki. Sun yi yarjejeniya a kan tambari guda, da zanen kwali iri uku, da fayilolin asali waɗanda ake iya gyarawa. Rabin kuɗi kafin alƙalami, ciko bayan an amince da aiki.

Ba a rubuta kwantiragi ba. Abin da ya tsaya a madadinsa shi ne takardar neman biya da ta aika, mai ɗauke da jerin abin da za ta yi, da adadin gyaran da aka yarda, da wani layi a ƙasa da ke cewa haƙƙin mallakar zanen ba zai koma hannun kamfanin ba sai an kammala biyan kuɗin duka. Sauran maganganu sun watsu: wasu a imel, wasu a WhatsApp, mafi yawa kuma a kiran murya da babu wanda ya naɗa.

Kafin alƙalamin ya shigo ta kati. Sunan da ke kan katin ba na wanda take magana da shi ba ne, na abokinsa ne. Ta lura, ta yi tambaya a waya, aka ce mata katin kamfani bai iso ba tukuna, shi ya sa aka ari na abokin. Ta yarda, ba ta nemi a rubuta ba. Wannan biyan ya wuce ba tare da bankin mai katin ya nemi tabbaci daga gare shi ba. Cikon kuwa ya zo ne da katin kamfani, kuma a wannan karon bankin ya tura lambar sirri ta wucin gadi, aka shigar, aka tabbatar. Kafin a biya cikon, na farko ya turo imel mai layi biyu yana cewa sun duba komai, sun gamsu, a turo fayilolin ƙarshe. Ta tura ta wani mahaɗi da duk wanda ya samu zai iya buɗewa.

Daga baya abokan biyu suka ɓata. Na farko ya bar kamfanin, na biyu ya karɓi ragama, ya zauna yana bin takardun asusu layi-layi. Ya ga an cire kuɗi sau biyu da wani suna da bai gane ba, domin abin da ke fitowa a takardar banki gajeren sunan rajistarta ne, ba sunan da take talla da shi ba. Bai neme ta ba. Bankinsa ya kira.

Wa ke yanke hukunci?

Masu aikin kansu da yawa suna ɗauka cewa kamfanin da ke karɓar musu kuɗi shi ne alƙali. Ba haka ba ne. A biyan kati akwai ɓangarori huɗu: mai kati, bankin da ya ba shi katin, ɗan kasuwa, da bankin da ke karɓar wa ɗan kasuwa kuɗi. A tsakiya akwai Visa ko Mastercard masu shimfiɗa ƙa'ida. Idan mai kati ya kai ƙorafi, bankinsa ne ke janye kuɗin, kuma bankin nan ne dai zai karanta amsar ɗan kasuwa ya ce ta gamsar ko ba ta gamsar ba. Wato wanda zai saurari ƙarar, mai ƙara kwastomansa ne. Kamfanin karɓar kuɗi ɗan aike ne kawai, yana miƙa takardu.

Tsarin ya daɗe. A Amurka ya samo tushe daga dokar kare masu katin bashi ta 1974, wadda ta ba mai kati kwana 60 daga fitowar takardar asusunsa ya ƙalubalanci abin da aka cira bisa kuskure. A lokacin ana ƙoƙarin sa jama'a su amince da kati ne, saboda haka aka karkata ga mai saye. Ƙa'idojin kamfanonin kati ma sun fi dokar sassauci: a Visa, galibin ƙorafe-ƙorafe ana iya shigar da su cikin kwana 120, kuma a wasu lokuta lissafin yana farawa ne daga ranar da aka yi tsammanin samun kaya ko aiki, ba ranar biya ba. Don haka wata ukun da ya ba mai zanen mamaki yana cikin wa'adi sarai.

Abin da ya fi ciwo shi ne ana cire kuɗin ne tun kafin a ji ta bakinka, a haɗa da kuɗin ƙara. Stripe, ɗaya daga cikin kamfanonin karɓar kuɗi, alal misali, yana cire dala 15 a Amurka kan kowace ƙara da ta shigo, kuma kamfanoni da yawa ba sa mayar da irin wannan kuɗin ko da ka yi nasara. Mai zanen an cire mata sau biyu, tunda biya biyu ne. Asusunta ya koma ƙasa da sifili, kuɗin wani aikin da ya shigo a makon ya tafi wajen cike ramin.

Kowace ƙara tana zuwa da lambar dalili. Wannan lambar ita ce komai, domin ita ce tambayar da banki yake so a amsa, ba wata ba. A Visa, 10.4 na nufin mai kati ya ce ba da izininsa aka yi amfani da katin ta intanet ba. 13.1 na nufin bai samu kaya ko aikin ba. 13.3 na nufin ya samu, amma ba yadda aka siffanta ba. Mastercard na da nasa lambobin, kamar 4837 na rashin izini da 4853 na saɓani kan kaya ko aiki. Kafin alƙalamin ya zo da 10.4, cikon kuma da 13.3.

Bambancin yana da dalili. Cikon ya bi ta tsarin tabbatarwa na 3-D Secure, wato lambar sirrin nan da banki ya tura aka shigar, wanda idan aka yi shi cikin nasara, alhakin ƙorafin zamba yana komawa kan bankin mai kati. Ƙofar 10.4 a rufe take a wannan biyan, shi ya sa aka bi ta 13.3. Kafin alƙalamin kuwa ba a tabbatar da shi ba, ƙofar a buɗe.

Amsar farko da ba a tura ba

Abin da ta fara rubutawa dogon bayani ne mai zafi: darare nawa ta kwana a kan aikin, yadda ba ta taɓa cutar kowa ba, yadda mutumin ya ci amana. Duk gaskiya ne, amma babu abin da zai yi mata. Ma'aikacin bankin da zai duba yana da tarin ƙararraki a gabansa, ba ya neman sanin halin kowa. Yana duba lambar dalili, ya duba ko takardun sun rushe ta. Wata abokiyar sana'arta ce ta hana ta turawa, ta kuma tuna mata cewa a yawancin kamfanonin karɓar kuɗi sau ɗaya ake miƙa hujja, ba a ƙari daga baya. Wa'adin amsa ma gajere ne. Visa na ba ɓangaren ɗan kasuwa kwana 30, amma kamfanin da ke tsakani yakan yanke nasa wa'adin ƙasa da haka don ya samu lokacin miƙawa.

Akwai wani kuskure da ta kusa yi, wanda ya kamata a tsaya a kansa. Ta yi tunanin ta mayar wa kamfanin wani kaso ta wata hanya don a sasanta. Matuƙar ƙara tana buɗe, kuɗin da ake jayayya a kansa ya riga ya bar hannunka. Duk abin da ka tura ta gefe ƙari ne a kan asarar, kuma babu abin da zai tilasta wa mai ƙara ya janye. Idan sulhu za a yi, sai mai kati ya janye ƙarar a bankinsa, ya turo shaidar janyewa a rubuce, kai kuma ka haɗa ta cikin amsarka. Ko an yi maka alkawarin janyewa, ka amsa ƙarar cikin wa'adi, domin shiru ana lissafa shi a matsayin amincewa.

Ƙarar ciko: inda imel mai layi biyu ya yi aiki

Tambayar 13.3 ita ce: me aka yi alkawari, me aka bayar, kuma mai saye ya taɓa cewa bai gamsu ba? Amsar da ta miƙa shafi ɗaya ce, sai takardu huɗu a bayanta. Takardar neman biya mai jerin aikin. Hotunan abin da aka bayar, kowanne a gefen layin da ya dace da shi a jerin. Imel ɗin amincewa, wanda ya fito daga adireshin kamfanin, da kwanan wata kafin ranar biya. Sai hoton shafin kamfanin na intanet, da adireshin shafin da ranar ɗauka a bayyane, tambarin yana sama, kwalayen suna jere ana sayarwa.

Ta ƙara wani abu guda da ke cikin ƙa'idar kanta. A irin wannan ƙorafi, Visa na bukatar mai kati ya fara neman warware matsalar da ɗan kasuwa, ya kuma mayar da kaya ko ya soke aikin, ko aƙalla ya yi yunƙurin hakan. Ta nuna cewa daga ranar miƙa fayiloli zuwa ranar ƙara babu saƙo ko ɗaya na ƙorafi. Bayan kusan wata biyu hukunci ya fito, cikon ya dawo.

A ganina wannan nasarar da sa'a a cikinta. Da na farko ya faɗi amincewarsa a waya kamar yadda ya faɗi sauran abubuwa, da babbar hujjar ta tafi. Kuma da a ce 13.1 aka shigar, wato ba a samu aikin ba, da ta sha wuya, domin mahaɗin da ta tura ba ya nuna wanda ya sauke fayil ko lokacin da ya sauke. Kayan da ake taɓawa suna da lambar bin sawu da sa hannun wanda ya karɓa. Fayil ba shi da ko ɗaya, sai in kai ka ƙirƙira masa: a shiga da imel kafin a sauke, a ajiye lokaci da adireshin IP (lambar da ake gane na'ura da ita a intanet) da sunan fayil. Abin da ya cece ta kawai shi ne kamfanin ya riga ya baza aikin a fili.

Ƙarar kafin alƙalami: gaskiya ba tare da shaida ba

A nan takardun da suka ci waccan ƙarar ba su da amfani. Tambayar 10.4 ba ta shafi kyan aiki ba. Abin da ake tambaya shi ne: mai wannan katin, shi da kansa, ya ba da izini? Duk abin da ke hannunta yana ɗauke da sunan na farko. Na biyu bai taɓa rubuto mata ba, bai taɓa shiga kira ba. Bayanin da aka yi mata na aron kati ya tsaya a waya. Ta nemi na farko ya rubuta shaida, ya ce zai yi, sai ya daina amsa saƙo. Ba mamaki, mutumin da ke rigima da tsohon abokinsa ba zai so ya sa hannu a takardar da ke cewa ya yi amfani da katin wani ba.

Tun watan Afrilu na 2023 Visa ta fito da wata ƙa'ida da ke taimakon 'yan kasuwa a ƙarar 10.4. Idan ka nuna biya biyu na baya da wannan katin, waɗanda ba a yi jayayya a kansu ba, da aka yi kwana 120 zuwa 365 kafin ƙarar, kuma abubuwa biyu sun yi daidai tsakaninsu da biyan da ake ƙara a kai, ɗaya daga ciki adireshin IP ko shaidar na'ura, to alhaki ya koma kan bankin mai kati. Ƙa'ida ce mai kyau ga masu sayar da rajistar wata-wata da shagunan da kwastoma ke dawowa. Ga mai aikin kansa da sabon kwastoma, babu tarihin da zai nuna. Katin na biyu sau ɗaya tak ya taɓa biyan ta.

Ta miƙa abin da take da shi: cewa mai katin yana cikin masu kamfanin, kamfanin kuma yana cin moriyar aikin. Hujja ce mai ma'ana a gaban mutum, amma bankin ya ƙi ta. Akwai matakin gaba, inda kamfanin katin da kansa yake raba gardama, sai dai wanda ya faɗi a can yana biyan ɗaruruwan daloli, kuma ba kowane kamfanin karɓar kuɗi ne ke kai ƙaramin ɗan kasuwa wannan matakin ba. Ta haƙura da banki.

Shin na biyu ɓarawo ne? Ban ɗauka ba, aƙalla a farko. Mutum ne da ya ga suna baƙo a takardarsa a daidai lokacin da yake zargin abokinsa da komai. Ƙararraki da yawa irin wannan haka suke farawa: sunan da ba a gane ba, ko wani a gida ko a ofis ya yi amfani da kati, ko an manta. Da sunan da ke fitowa a takardar banki shi ne wanda ke kan shafinta, da wataƙila ya bincika ya kira ta. Amma daga lokacin da ya fahimci ko kuɗin mene ne, ya kuma ci gaba da amfani da tambarin, maganar ta canza.

Layin da ke ƙasan takarda

Hukuncin banki ba hukuncin kotu ba ne. Yana cewa ne kawai a ƙarƙashin ƙa'idar kati, kuɗin ya koma ga wane. Bai goge bashi ba. Kamfanin ya karɓi aiki cikakke, rabin kuɗi ne kawai a hannun mai aiki, saura bashi ne.

Bin bashin ta kotu a wata ƙasa ba abu ne mai yiwuwa gare ta ba, kuɗin lauya kaɗai zai haɗiye abin da ake nema. Akwai tanade-tanade masu sauƙi a wasu wurare. Tarayyar Turai na da tsarin ƙananan ƙararraki tsakanin ƙasashenta har zuwa Yuro 5,000. Birnin New York na da doka tun 2017 da ta wajabta kwantiragi a rubuce kan aikin da ya kai dala 800, da biya cikin kwana 30 idan ba a sa rana ba, da ninka kuɗin ga wanda ya ƙi biya. Duk waɗannan suna da iyakar wurin da suke aiki, kuma nata lamarin bai faɗa cikinsu ba.

Abin da ya rage mata shi ne haƙƙin mallaka. A ƙarƙashin yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashe sama da 180 ke ciki, wanda ya ƙirƙiri zane yana da haƙƙinsa tun daga lokacin ƙirƙira, ba sai ya yi rajista ba. A ƙasashe da dama, ciki har da Amurka da Ingila, ba a miƙa wannan haƙƙin sai a rubuce da sa hannu. Takardarta ta ce haƙƙi zai koma bayan cikakken biya. Na biyu da hannunsa ya warware cikar biyan.

Ta rubuta masa wasiƙa gajera, ba zagi, ba barazanar tona asiri. Ta bayyana ko ita wace ce, ta haɗa takardar neman biya da layin a ja, ta ce rabin kuɗin ya koma, saboda haka haƙƙin zanen yana hannunta. Ta ba shi zaɓi biyu cikin mako biyu: ya biya abin da ya rage ta banki kai tsaye ta tura masa takardar miƙa haƙƙi da sa hannunta, ko ya cire zanen daga shafinsa da kayansa. Ta ambata cewa idan wa'adin ya wuce za ta kai ƙorafin keta haƙƙi ga kamfanin da ke ɗauke da shafin da kasuwar intanet da yake sayarwa.

Wannan makamin yana da kaifi biyu. Dokar Amurka ta 1998 ta tanadi cewa kamfanin da ke ɗauke da shafi, idan ya samu ƙorafi ingantacce, ya sauke abin don ya tsira daga alhaki. Amma wanda aka sauke wa kaya yana iya mayar da martani, a mayar da abin cikin kwanakin aiki 10 zuwa 14 idan mai ƙorafi bai shigar da ƙara a kotu ba. Wanda kuma ya yi ƙorafin ƙarya da gangan ana iya bin sa diyya. Sannan ba kowane tambari ne ke samun kariyar haƙƙin mallaka ba: suna da aka rubuta da wani salon haruffa, ko da'ira da layi, sau da yawa ba sa kaiwa. Nata yana da hoton da ta zana da hannu, ga kuma zanen kwalaye. Lauyan kamfanin ma zai iya cewa ta ba su izinin amfani tun ranar da ta miƙa fayiloli. Wato hujjarta mai ƙarfi ce, ba mai tabbas ba. Magana zarar bunu ce, shi ya sa ta fara da wasiƙa, ba da ƙorafi ba.

Lissafin na biyu mai sauƙi ne. An riga an buga kwalaye, kwastomomi sun saba da tambarin, sabon zane da sabon bugu sun fi rabin kuɗin nan tsada nesa ba kusa ba. Kuma duk ranar da zai yi rajistar alamar kasuwanci ko ya sayar da kamfanin, za a tambaye shi takardar mallakar tambarin. Ya amsa kafin wa'adi, ya ce bai san ko kuɗin mene ne ba, ya tura ta banki. Kuɗin ƙara biyun bai biya ba, ita ma ba ta matsa ba.

Da ta bi wata hanyar fa?

Bayan irin wannan, shawarwari kan yi yawa. Wasu suka ce da ta tsaya a dandalin masu aikin kai. Akwai gaskiya a ciki. A Upwork, kuɗin aiki mai ƙayyadadden farashi yana shiga ajiyar amana kafin a fara, kuma idan an miƙa aiki kwastoma ya yi shiru kwana 14, ana sakin kuɗin. A Fiverr oda tana rufe kanta bayan kwana 3 da miƙawa, amma dandalin yana ɗaukar kashi 20 cikin 100. Ko a can ana janye biya, sai dai dandalin ne ke fuskantar banki, kuma duk hirar da miƙa aikin suna wuri guda. La'adar da ake kuka da ita, wani ɓangarenta kuɗin wannan kariyar ne. Wanda ya fita daga dandali don ya tsira da la'ada, to aikin adana hujja ya dawo kansa.

Wasu suka ce PayPal. Can ma mai saye yana da wa'adin da ke iya kaiwa kwana 180 ya buɗe ƙorafi, da kwana 20 ya ɗaukaka shi, kuma kariyar mai sayarwa ba ta rufe ƙorafin “ba haka aka siffanta ba”. Idan da kati aka biya, mai saye yana iya tsallake PayPal ya tafi bankinsa. Mafi munin shawarar ita ce a riƙa karɓar kuɗin aiki ta zaɓin PayPal na tura wa 'yan uwa da abokai. Ya saɓa ƙa'idar amfani, yana iya jawo a rufe asusu da kuɗi a ciki, babu kariyar mai sayarwa, kuma mai kati yana iya cewa ba da izininsa ba duk da haka.

Tura kuɗi banki zuwa banki shi ne mafi wuyar janyewa, amma yana ɗora duk haɗarin kan kwastoma, sabon kwastoma kuwa yana da dalilin jin tsoro. Ba za a ga laifinsa ba, domin masu karɓar kafin alƙalami su ɓace su ma suna nan.

Abin da ta canza

Ba ta daina karɓar kati ba, ta dai rage abin da take jinginawa a kansa. Yanzu kowane biyan kati sai ya bi ta 3-D Secure, ko da hakan zai sa wani ya gaji ya fasa. Idan sunan kati ya bambanta da na wanda take magana da shi, sai mai katin ya turo imel da kansa kafin ta taɓa aiki. Sunan da ke fitowa a takardar banki ta mayar da shi wanda aka san ta da shi, tana kuma rubuta shi a kan rasit. Bayan kowane kira tana tura taƙaitaccen abin da aka yanke, ta nemi a amsa da “haka ne”. Samfuri yana tafiya da hatimi a kansa, fayilolin asali kuma ta shafin da ke ajiye wanda ya sauke da lokacin. A manyan ayyuka, ciko ta banki ne ko ta ajiyar amana, sannan takardar miƙa haƙƙi ta biyo baya. Layin nan na ƙasan takarda ya koma cikin kwantiragi mai sa hannu, da ƙarin cewa janye biya ta banki yana dakatar da izinin amfani har sai an warware.

Tana kuma sayar da ƙananan samfuran zane da kowa ke iya saukewa. Waɗannan ta mayar da su dandalin da ke tsayawa a matsayin mai sayarwa a hukumance, irin su Paddle da Gumroad, inda sunan dandalin ne ke kan ciniki, shi ke karɓar haraji, shi bankuna ke tuntuɓa. Wannan bai hana a cire mata kuɗin cinikin da aka janye ba, ya dai ɗauke mata rubuta amsa a kan ƙaramin kuɗi. Ga masu saye daga Tarayyar Turai akwai haƙƙin fasa ciniki cikin kwana 14 a ƙarƙashin dokar 2011, wanda ke faɗuwa a kayan saukewa ne kawai idan mai saye ya yarda a fili a fara ba shi nan take, ya kuma amince cewa ya rasa haƙƙin fasawa. Akwatin wannan amincewa yanzu yana gaban maɓallin biya.

Abu ɗaya ne bai gyaru ba. Kamfanonin kati da na karɓar kuɗi suna ƙirga yawan ƙararrakin da aka shigar a kan ɗan kasuwa ne, ba yawan waɗanda ya faɗi ba, don haka wadda ta ci ma tana cikin lissafi. Ga mai ciniki kaɗan a wata, ƙara biyu kaso ne babba. Kamfanin da ke karɓar mata kuɗi ya fara riƙe wani ɓangare na duk abin da ya shigo na tsawon watanni kafin ya saki, abin da ya tilasta mata ɗaga kafin alƙalami a sabbin ayyuka don ta samu na juyawa. Kwastoma biyu sun ga sabbin sharuɗɗan sun yi musu yawa, suka tafi wurin wani.